Siriwijaya da hanyar teku ta malaman Buddha

Siriwijaya daula ce ta fataken teku da ta yi tashe tun daga ƙarni na 7, cibiyarta tana Palembang a tsibirin Sumatara, cikin Indunusiya ta yau. Arzikinta duk a mashigin Malaka yake, wato siririyar tekun da ke tsakanin Sumatara da Malesiya ta yau, don jirgin da ya taso daga Indiya zai je Sin kusan dole ya ratsa ta nan. Jiragen lokacin kuma iska ce ke tura su, iskar nan sai ta yi watanni tana kaɗawa gefe ɗaya kafin ta juya, to duk wanda ya iso sai dai ya yada zango ya jira, ɗan kasuwa ne ko mai neman ilimi. Zaman jiran nan shi ya mayar da garin makaranta.

A 671 wani malamin Buddha ɗan Sin mai suna Yijing ya hau jirgi a Guangzhou, kwana wajen 20 ya sauka Siriwijaya, ya yi wata shida yana koyon nahawun Sanskirit, tsohon harshen littattafan addini na Indiya, kafin ya zarce Indiya, inda ya shafe kusan shekara 10 a Nalanda, babbar makarantar addinin da ke Bihar. Shi ne ya rubuta cewa masu ibada da karatu a garin Siriwijaya sun haura 1,000, har yake ba 'yan ƙasarsu shawara su fara yin shekara ɗaya ko biyu a nan tukuna.

Sarakuna ma ba a bar su a baya ba. Wajen 860 Sarki Balaputra na Siriwijaya ya gina gidan ibada a can Nalanda, Sarki Devapala na Bengal ya ware ƙauyuka biyar don ɗaukar nauyinsa, an rubuta wannan a allon tagulla da aka tono a wurin. Wajen 1006 wani sarkin Siriwijaya ya sake gina irinsa a Nagapattinam, ƙasar sarakunan Chola a kudancin Indiya. Sai dai zumuncin bai hana Sarki Rajendra Chola turo wa Siriwijaya jiragen yaƙi a 1025 ba, ana jin harkar kasuwa ce ta jawo.

Karatun ma ba daga Indiya kaɗai yake fitowa ba, Atisha, wani malamin Buddha ɗan Bengal, sai da ya tsallako teku ya yi shekara 12 a gaban wani malamin Sumatara, daga baya ya tafi Tibet a 1042.