Me ake nufi da "8-bit"?

Yanzu idan aka ga zane mai gida-gida kamar saƙar tabarma, ko aka ji kiɗa mai tsit-tsit irin na tsohon gem, sai a ce "8-bit ne". Kalmar ta koma sunan salo, amma asalinta lissafi ne na cikin na'ura.

Bit shi ne mafi ƙanƙantar abin da kwamfuta ke riƙewa: ko 0 ko 1, kamar makunnin wuta, a kunne ko a kashe. In aka jera takwas, ana iya haɗa su ta hanya 256, wato lambobi daga 0 zuwa 255. Na'urar 8-bit ita ce wadda ƙwaƙwalwarta ke haɗiyar bit takwas a loma ɗaya. Shi ya sa a wasan Zelda na farko kuɗin ɗan wasa ba ya wuce 255, komai yawan abin da ya tsinta. Aljihun ne ya cika.

Na'urar wasan gem da aka fi dangantawa da kalmar ita ce Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya saki a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983, ƙarƙashin jagorancin injiniya Masayuki Uemura. A 1985 ta shiga Amurka da sunan NES, kuma an sayar da fiye da miliyan 61 a duniya.

Abin da ke cikinta kuwa ɗan kaɗan ne. Ma'ajiyar aikinta kilobait 2 ce, hoto ɗaya a wayarka ya ninka ta sau dubu. Allon ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye. Tana iya nuna ƙananan zane masu motsi 64, amma takwas kacal a layi guda. Da an wuce takwas, sai masu rubuta wasan su riƙa nuna su bi da bi cikin sauri, abin da ya sa maƙiya ke ƙiftawa idan sun taru. Sai ka ɗauka talabijin ce ta lalace, alhali dabara ce.

Dabarar da ta fi burge ni tana cikin wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda duk girmansa kilobait 40 ne. Duba gajimaren sama, sannan ka duba ciyayin ƙasa. Zane ɗaya ne, launi kawai aka canja, fari a sama, kore a ƙasa. Mutum zai shekara yana bugawa bai lura ba.

Mu nan, yawancinmu ba ta asalin muka taɓa ba. Kwaikwayonta ne ya iso kasuwanninmu, da kaset mai alƙawarin dubban wasanni, ka kunna ka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Amma lissafin da ke ciki wancan ne dai na bit takwas, har da ƙiftawar maƙiya idan sun cika layi.