Sauƙin amfani a shagon tufafin farauta na intanet

Sauƙin amfani, a kasuwancin intanet, shi ne gwargwadon yadda mai saye zai shiga shago ta waya ko kwamfuta, ya samo abin da ya zo nema, ya biya, kaya su iso hannunsa, ba tare da ya ruɗe ko ya nemi ɗan jagora ba. Ƙa'idar ISO 9241-11 ta hukumar tsara ma'aunai ta duniya, wadda ta fito a 1998 aka sabunta ta a 2018, ta ɗora ma'aunin a kan abu uku: ko buƙata ta biya, ko nawa ta ci na lokaci da wahala, da ko mutum ya tashi yana mai gamsuwa. Ƙa'idar ta kuma ce ana auna wannan ne a kan wasu mutane takamaimai a cikin yanayinsu. Ke nan shagon da ya yi wa maharbin barewa a Amurka daɗin amfani yana iya zama ciwon kai ga mafaraucin Zazzau.

Asalin tsarin

Sayar da kayan farauta daga nesa ya girmi intanet. Kamfanin Cabela's ya fara ne a 1961 a jihar Nebraska ta Amurka yana aika kaya ta gidan waya, kafin Bass Pro Shops ya saye shi a 2017. Realtree da Mossy Oak, manyan masu zanen yadin ɓad-da-kama mai kama da ganye da ɓawon itace, duk sun soma a 1986. Daga can ne aka gaji yadda ake kasa irin waɗannan shaguna: rigunan sanyi masu hawa-hawa, yadi mai hana ruwa irin Gore-Tex, da riga ruwan lemo mai ƙyalli wadda jihohi da dama na Amurka suka wajabta a lokacin farautar barewa, domin maharba su riƙa hango juna, ita kuwa barewa ba ta bambance launin sosai.

Mai buɗe shago a Zariya da ya kwafo wannan kaso yadda yake, ya yi wa wasu mutane daban aiki.

Mai sayen da ake nufi

A ƙasar Hausa an fi farauta da rani, bayan an kawar da amfanin gona, daga hunturu har cikin bazara. Ana fita ƙungiya-ƙungiya da karnuka, da gora da barandami da adda, wasu da kwari da baka ko bindigar toka, kuma ana iya kwanaki a daji. Sana'ar tana da shugabanninta, irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Abin da ke cin tufafi a wannan daji ƙaya ce da ƙura da zufa. Abin da ke tayar da hankali maciji ne. Sanyin kuwa na asubar hunturu ne, wanda rana tana ɗagawa ya wuce. Saboda haka abin da mai saye zai tambaya shi ne ko yadin yana jure ƙaya, ko yana shan iska, aljihu nawa ne, ko takalmin ya rufe idon sawu. Jerin kayan shago ya kamata ya bi waɗannan tambayoyi, a kasa shi da rani da hunturu da damina, ba da lokutan shekarar Turai ba.

Akwai kuma kayan gargajiya da babu gurbinsu a tsarin ƙetare: taguwa, warki, burgami, kuben wuƙa, kwari na fata. Waɗannan aikin dukawa da teloli ne, kuma Zariya ba baƙuwarsu ba ce, garin da ya shahara da ɗinkin hannu, wanda kuma cibiyar binciken fata ta ƙasa, NILEST, take a Samarunsa. Irin waɗannan kaya ba a jibge suke ba, sai an yi oda ake yinsu, don haka shafinsu yana buƙatar ya faɗi kwana nawa aikin zai ɗauka. Layun da ake jerawa a jikin riga kuwa ba hajar shago ba ce; mai ita ya san inda yake samo su.

Batun doka ma yana cikin sauƙin amfani, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Rundunar sojan Nijeriya ta sha gargaɗin farar hula kan sanya yadi mai zanen kakin soja, kuma shigo da irinsa daga waje yana buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Shagon da ya bar mutum ya saya cikin daƙiƙa talatin abin da za a tsare shi a shinge dominsa bai sauƙaƙa masa komai ba. Launi ɗaya tak, ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, yana biyan buƙata.

Waya, data da harshe

Mafi yawan masu saye a nan ta wayar Android suke shiga, sau da yawa mai ƙaramin ma'aji, da datar da ake lissafin kowane megabait ɗinta. Google ya ba da rahoto a 2016 cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. A unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, bidiyon da ke tashi da kansa a shafin farko ɓarna ce. Hoto a rage masa nauyi. Madanni kuma ya kai girman yatsa: Apple ya ba da shawarar 44 a tsawo da faɗi a ma'auninsa, Google 48 a nasa. Ƙa'idar WCAG, wadda ta tsara yadda shafin intanet zai yi wa kowa sauƙin amfani har da masu raunin gani, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, abin da shimfiɗa hoton ganye a bayan rubutu yake saurin karyawa. Duk wanda ya gwada karanta farashi ruwan toka a kan kore da tsakar rana a bakin Kasuwar Sabon Gari ya san abin da ake nufi.

Akwatin bincike yana da nasa tarkon. Mutum zai rubuta "kaho" yana nufin ƙaho, domin madannan wayarsa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Cikin masu neman takalmi, wani zai rubuta "but", wani "takalmin daji", wani ya rubuta da Ingilishi. Idan manhajar ba ta ɗauki waɗannan a matsayin abu ɗaya ba, za ta ce babu kaya alhali suna nan jibge. Kuma da yake dattawan mafarauta da yawa sun fi sakewa da saƙon murya, madannin WhatsApp a gefen kowane kaya ya fi dogon shafin tambayoyi da amsoshi amfani.

Awo da hoto

Tufafi na cikin kayan da aka fi mayarwa a cinikin intanet, galibi saboda awo. Harafin M ko XL ba ya nufin abu ɗaya daga kamfani zuwa kamfani. Mai saye a Zariya ya saba da awon tela, kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawo a inci, sai a ba shi haka. Takalmi kuma lambar Turai aka sani, 42 ko 43. Lamba 42 ita ce kusan 8 a Ingila, kusan 9 a Amurka, kuma shagon da ya rubuta 9 kawai ya jawo rigima. Hoto a ɗauke shi a hasken rana, a jikin mutum, a faɗi tsawonsa da lambar da ya sa. A matso da kyamara kan ɗinkin aljihu da tafin takalmi, domin nan ne mai saye zai fara murzawa da a kasuwa yake.

Biya da isarwa

Cibiyar Baymard ta ƙasar Denmak, wadda ke tattara bincike kan cinikin intanet, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan saye, wato kayan da mai saye ya riga ya zaɓa a shafi, ana watsar da su kafin a biya, kuma cajin da ba a zata ba yana kan gaba cikin dalilai. A nan gida sai a ƙara da rashin yarda. Jumia da Konga, da suka fara a 2012, sun jawo masu saye ne da tsarin biya idan kaya sun iso. Ƙaramin shago ba lallai ya iya ɗaukar wannan ba, amma yana iya nuna kuɗin aike tun a shafin kaya, ya karɓi tiransifa da USSD ba kati kaɗai ba, ya bar mutum ya saya da lambar waya ba tare da rajista da imel ba. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma tana neman kada a karɓi bayanan da suka wuce buƙata.

Fom ɗin adireshi ya kan nemi lambar gida da sunan titi da lambar shiyyar gidan waya, ya kafe sai an cika. Mutumin cikin birni kuwa kwatance yake yi: bayan Ƙofar Doka, kusa da masallaci, a tambayi mai shayi. Na ƙauyukan Giwa ko Soba ya fi son a ba direba a tasha, shi ya zo Kwangila ya karɓa. Fili ɗaya na kwatance da zaɓin karɓa a tasha sun isa.

Gwaji

Jakob Nielsen, masani a wannan fanni, wanda ya tsara ƙa'idoji goma na duba sauƙin amfani a 1994, ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsaloli. Sharaɗin shi ne biyar ɗin su kasance irin masu sayen. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna da sauƙin samu, amma ba su ne za su sayi warki ba. Ana miƙa wa mafarauci waya, an fi so ma tasa, a ce, "Baba, a nemo mana takalmi lamba 43, a saya." Daga nan mai gwajin ya kama bakinsa, ya riƙa rubuta inda yatsan ya tsaya da inda ya koma baya. A gyara abin da aka gani, a sake kiran wasu biyar kafin hunturu ya shigo.