Ma'anar "Masarautar Manga": Yadda Lardi Ke Taƙama da 'Ya'yansa Masu Zane

A lardin Tottori na ƙasar Japan akwai filayen jirgin sama guda biyu, kuma dukkansu sunan 'yan cikin littafin zane aka liƙa musu. Na Yonago ya karɓi sunan Kitaro a 2010, na babban birnin lardin kuma aka haɗa shi da sunan Conan a 2015. Kitaro yaron aljanu ne mai ido ɗaya, Conan kuwa ɗan ƙaramin mai bincike ne da ba ya rabuwa da tabarau. Wanda ya fahimci dalilin wannan raɗin suna ya fahimci abin da Japanawa ke nufi da "manga okoku".

Manga dai su ne littattafan labari da ake bayarwa da zane, akwati bayan akwati, ana karantawa daga dama zuwa hagu kamar yadda muke karanta ajami. Yawancin katun ɗin Japan da matasanmu ke kallo a waya daga cikinsu aka ciro su. Mai zana su shi ake kira mangaka. "Okoku" kuwa masarauta ce, don haka "manga okoku" na nufin masarautar manga. Babu sarki a ciki, babu fada. Kirari ne da lardi ke yi wa kansa idan ya duba ya ga ya haifi manyan masu zane fiye da yadda girmansa ya kai.

Tottori ta ɗauki wannan kirari a hukumance a 2012, har gwamnatin lardin ta buɗe ofishi na musamman dominsa. Cikin larduna 47 na Japan ita ce mafi ƙarancin jama'a, mutanenta ba su kai dubu 600 ba. An fi saninta da tudun rairayi na bakin teku da ƙaguwa da kankana. Amma daga wannan ɗan lungu mutum uku suka fito waɗanda ko'ina ake karanta manga an san su: Shigeru Mizuki, Jiro Taniguchi da Gosho Aoyama.

Labarin Mizuki, mahaliccin Kitaro, shi ne ya fi kama ni, domin a nan ne ake ganin abin da gari ke ba ɗansa. An haife shi a 1922, ya tashi a Sakaiminato, garin masunta. Akwai wata tsohuwa da ke taimaka wa gidansu da aiki, yana kiranta Nonnonba. Ita ce ta cika masa kai da labaran yokai, wato dodanni da iskokin gargajiyar Japan: wanda ke bin mutum a baya da dare sai dai a ji takun takalminsa, wanda ke lasar dauɗar baho idan an bar shi da datti. Duk wanda kakarsa ta taɓa zaunar da shi ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" ya san irin wannan karatu, ya kuma san ba ya fita daga kai. Mizuki ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasa hannun hagu a tsibirin New Britain da ke tekun Fasifik, ya dawo ya ci gaba da zane da hannu ɗaya cikin talauci na shekaru. Da ya samu ɗaukaka, da dodannin tsohuwar nan ya same ta. Littafin da ya yi a kanta ya ci babbar kyautar bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2007. Ya rasu a 2015 yana da shekara 93.

Garin nasa ya rama masa tun yana raye. A 1993 aka buɗe Titin Mizuki Shigeru, wanda ya taso daga tashar jirgin ƙasa ya miƙe kimanin mita 800. Da mutum-mutumin tagulla 23 aka fara, yau sun haura 170, jere a gefen hanya, wasu ƙanana har yaro zai sunkuya ya shafa kansu. Titin kasuwa ne da ya fara mutuwa, shaguna na rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi baƙi sun cika shi. Jiragen ƙasan da ke zuwa daga Yonago ma an yi musu fenti da fuskokin dodannin.

Aoyama, wanda aka haifa a 1963 a garin da yau ake kira Hokuei, ya fara labarin Conan a 1994, kuma littattafan sun wuce juzu'i 100. An buɗe masa gidan tarihi a garin a 2007. Taniguchi kuwa, da ya rayu daga 1947 zuwa 2017, zanensa natsattse ne, na manya, kuma Faransawa sun fi ma 'yan ƙasarsa ɗaukaka shi. Shi ne ya fi mayar da Tottori cikin takarda: ɗaya daga labaransa ya ginu a kan babbar gobarar da ta cinye birnin Tottori a 1952, wani kuma a titunan garin Kurayoshi yake gudana.

Sai dai Tottori ba ita kaɗai ke ɗaura wannan rawani ba. Lardin Kochi ya daɗe yana kiran kansa masarautar manga ta Tosa, da tsohon sunan yankin. Yana taƙama da Takashi Yanase, mahaliccin Anpanman, gwarzon katun da kowane jariri a Japan ya sani, da Ryuichi Yokoyama. Tun 1992 kuma yake shirya gasar zane ta 'yan makarantun sakandare duk bazara, wadda ake kira Manga Koshien. Lardin Niigata ma yana da nasa jerin: Rumiko Takahashi, Shinji Mizushima, Takeshi Obata, kuma birnin Niigata ya buɗe cibiyar manga a 2013.

Akwai abin da kirarin ke ɓoyewa, kuma a ganina ya kamata a faɗe shi. Kusan duk waɗannan mutane barin gida suka yi kafin su zama wani abu. Manyan kamfanonin ɗab'i, Shueisha da Shogakukan da Kodansha, duk a Tokyo suke, editoci a can suke, mujallun mako-mako a can ake buga su. Mizuki ya yi fiye da rabin rayuwarsa a Chofu, cikin Tokyo. Lardi ya ba da yarinta da tatsuniya, birni ya ba da sana'a. Yanzu da matasa ke ta kwarara zuwa birane, ƙauyuka na tsufa, larduna sun juyo suna neman sunan 'ya'yan da suka tafi domin jawo baƙi. Ban ga laifi a wannan ba, matuƙar akwai gaskiya a ƙarƙashinsa. Gaskiyar Sakaiminato a fili take, domin dodannin da ke tsaye a titin daga bakin tsohuwar garin suka fito. Abin da ya fi burge ni a Kochi kuma shi ne ba ta tsaya ga waɗanda suka riga suka yi suna ba. Duk watan Agusta sai ta tara ɗalibai daga sassan ƙasar, a ba su jigo, a ba su 'yan sa'o'i, kowace ƙungiya ta duƙufa a kan allo guda, editocin Tokyo na zagayawa a bayansu suna leƙen hannun wanda ya iya.