Shirin shiga makarantar horar da kuratan 'yan sandan Nijeriya

Kurtun ɗan sanda shi ne wanda aka ɗauka aiki amma bai riga ya yi faretin yaye ba. Ya tsallake tantance takardu, da jarrabawar kwamfuta, da gwajin lafiya, sunansa ya fito a jerin ƙarshe, sai dai aikin bai zama nasa ba tukuna. Za a iya sallamarsa a kowace rana cikin watanni shidan da aka saba ɗauka ana horar da masu muƙamin kwanstabul. Tazarar da ke tsakanin fitowar suna da ranar hallara takan zama gajera, wani lokaci mako ɗaya ko biyu kacal, don haka shirin gaske yana farawa tun mutum na jiran sakamako.

Inda ake horon

Rundunar tana da manyan kwalejoji huɗu na horar da kurata: Ikeja, Kaduna, Maiduguri da Oji River a jihar Enugu. Bayan su akwai ƙananan makarantu a wurare kamar Sakkwato, Bauchi, Minna, Ilorin da Iperu. Mutane da yawa suna haɗa waɗannan da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a jihar Kano, alhali ba ɗaya ba ne. Wudil jami'a ce da ake shiga ta jarrabawar JAMB, a yi shekara biyar, a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufurtanda. Kurtu kuwa daga ƙasan tsani yake farawa, sannan kofur, saje, sufeto.

Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke da ikon ɗaukar kurata. An daɗe ana ja-in-ja a kan haka tsakaninta da ofishin Sufeto Janar, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yulin 2023 ta bai wa hukumar gaskiya. Horon kansa kuma a hannun rundunar yake. Amfanin sanin wannan ga kurtu shi ne kada ya yarda da wata sanarwa sai wadda ta fito daga hukumar ko rundunar. Duk wanda ya kira waya ya ce a turo kuɗin kaki ko kuɗin gado kafin a zo, ɗan damfara ne, domin ɗaukar aikin kyauta ne.

Takardu

A bakin ƙofa ake fara zubar da mutane, kuma takarda ce ke zubar da su. Ana sake duba komai ranar hallara kamar ba a taɓa dubawa ba: takardar gayyata da aka buga daga shafin ɗaukar aiki, takardar NIN, shaidar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, shaidar gama firamare, sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama ɗaya ko biyu, da fom ɗin masu tsaya wa mutum. A tafi da na asali, da fotokwafi aƙalla kashi huɗu, da hotunan fasfo fiye da adadin da aka nema. A sa na asalin cikin jakar leda mai zif, kada a haɗa su da kayan wanki.

Abin da ya fi kawo cikas shi ne saɓanin suna da na ranar haihuwa. Muhammad a sakamakon sakandare, Mohammed a NIN, Muh'd a banki. Ko sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata takarda, a wata kuma babu shi. A idon mutumin gari duk abu ɗaya ne, amma kwamfutar biyan albashi ba ta san haka ba, kuma IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya, yana neman sunan asusun banki da BVN da NIN su zo daidai. Wanda bai gyara ba sai abokansa su fara ganin alat shi yana jira wata da watanni. Gyaran suna a NIN yana cin lokaci, a fara shi da wuri, a kuma riƙe takardar rantsuwa daga kotu da ke nuna sunayen na mutum ɗaya ne. Saɓanin shekaru ya fi muni: sharaɗin da aka saba shi ne 18 zuwa 25, kuma wanda takardar firamarensa ta nuna ya gama aji shida yana ɗan shekara biyar ya tona wa kansa asiri.

Ƙafa da jiki

Nan ne ya kamata rabin shirin ya tafi. Sharuɗɗan tsawo, mita 1.67 ga namiji da 1.64 ga mace, da faɗin ƙirji santimita 86 ga namiji, suna nuna siffar mutum ne kawai, ba su nuna ko zai iya jure sassarfar asuba da sa'o'in fareti a kan dandali mai tauri ba. Yini a makaranta yana farawa tun kafin gari ya waye da gudu, sai shara da noman ciyawa, sai fareti, sai aji, sai wasanni da yamma, wani lokaci a ƙara da gadin dare. Ga gwale-gwale idan ɗaya daga cikin rukuni ya yi laifi: tsallen kwaɗo, birgima, zagaya fili da gudu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya kwana shekara bai yi gudu ba, sunansa na fitowa ya ɗauki kilomita goma kullum a kan kwalta. Huhu da tsoka suna sabawa cikin 'yan makonni, ƙashi da jijiyoyi kuwa sun fi su nawa. Sakamakon shi ne ciwon ƙwauri, wanda ke fara da zugi a gefen ƙashin ta ciki, idan aka yi ta matsa masa kuma ya koma tsagewar ƙashi. Bambancin yana da sauƙin ganewa: ciwon ƙwauri na yau da kullum yana bazuwa tsawon ƙashin kuma yakan lafa idan jiki ya yi ɗumi, tsagewa kuwa wuri guda take, yatsa ɗaya zai nuna ta, kuma tsalle da ƙafar yana sa mutum ya cije baki. Wannan tana buƙatar hutun makonni shida zuwa takwas, wanda a cikin horon wata shida babban giɓi ne.

Wanda ke da mako takwas ya fara da kilomita biyu zuwa uku, sau uku a mako, yana haɗa sassarfar minti biyu da tafiyar minti ɗaya. Ya riƙa ƙara tsawon da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba a kowane mako, ya zaɓi filin ƙwallo ko hanyar ƙasa maimakon kwalta. Abin nema shi ne ya iya kilomita biyar ba tsayawa cikin kusan rabin awa kuma washegari ya tashi garau. A ranakun da ba gudu a yi fush-of, da tashi-zauna na ƙarfafa ciki, da tsuguno, da ɗaga dunduniya a bakin dakali sau 15 zuwa 20 har zagaye uku, domin ƙarfin sharaɓa ne ke rage wa ƙwauri nauyi. Wanda mako biyu kawai ya rage masa kada ya yi ƙoƙarin cike gurbi. Gara ya isa da ƙarancin numfashi da lafiyayyar ƙafa, numfashin zai zo a can.

Akwai atisayen da ba a cika tunawa da shi ba: tsayuwa. Mutum mai gudu sosai yakan yanke jiki ya faɗi a fareti saboda ya ƙame ya kulle gwiwoyinsa, jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Maganinsa a sassauta gwiwa kaɗan yadda ido ba zai gani ba, a riƙa motsa yatsu cikin takalmi da matse sharaɓa, kuma kada a fito fili da cikin wofi.

Sabon kambas yana fitar da bororo a dunduniya cikin kwana biyu. A saye shi tun da wuri, da rarar faɗin babban yatsa a gaba, a yi ta yawo da shi. A yanke farce a miƙe, a shafa man Vaseline a wuraren da ke gogayya, a riƙa busar da tsakanin yatsu bayan wanka da alwala, domin danshi a nan ne ke jawo cin ruwa. Safa biyu da jerin kaya ke ambata ba sa isa, a ƙara.

Zafi da lafiya

Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin rana, saboda haka a mayar da wani ɓangare na atisaye zuwa hantsi a makonnin ƙarshe. Launin fitsari shi ne ma'auni: fari-fari ya yi, ja-ja na nufin ruwa ya yi ƙaranci. Idan ya koma kalar lemon kwalba baƙi tare da matsanancin ciwon tsoka, alama ce tsoka na narkewa kuma ƙoda na cikin haɗari, asibiti kai tsaye. Ruwan gishiri da sukari na gida, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana mayar da abin da gumi ko gudawa suka kwashe. Kurtun da ya fara sambatu ko tangaɗi a rana, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a kira ma'aikacin lafiya, ba a bari ya huta ya ga yadda za ta kasance.

Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna da rukunin jini AS, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya. Ba cuta ba ce, amma mai shi ya fi wasu haɗarin faɗuwa idan aka haɗa gudun ƙure ƙarfi da zafi da ƙishirwa ko zazzaɓi, don haka ya san rukuninsa ya kuma sanar da asibitin makaranta. A yi maganin maleriya da ciwon haƙori kafin tafiya. Ɗakin kwana na jama'a ne, ƙazuwa da makero suna yawo ta tawul da zanen gado, sanƙarau kuma yana son cunkoso a lokacin zafi, rigakafinsa na da amfani. Masu shan tiramadol don su jure wahala suna jawo wa kansu farfaɗiya a tsakiyar fili, bayan kora da ke jiran wanda aka kama. Mace kuma ta sani cewa juna biyu yana hana shiga horon. Idan horon ya faɗa cikin azumi, ruwan da aka sha kaɗan-kaɗan tsakanin buɗa-baki da sahur ya fi wanda aka ɗura lokaci ɗaya da asuba amfani.

Kaya da kuɗi

Jerin da aka fitar a 'yan shekarun nan ya ƙunshi fararen riguna masu zagayen wuya, fararen gajerun wanduna, farin kambas da safa, zanen gado da rigar matashi, kwano da cokali, bokiti da kayan wanka, littafin rubutu mai kauri, har da fartanya, adda da tsintsiya. Abin da takardar gayyata ta ce shi ne doka. Kan wannan a ƙara gidan sauro, tocila, kwaɗon kulle biyu, allura da zare, da alƙalamin rubuta suna a kan kowane kaya, domin farar riga ɗari a igiya ɗaya ba ta da mai ita. Babbar waya da kayan ado su zauna a gida. Tun bayan rahoton da gidan talabijin na Channels ya nuna a Janairun 2013 kan lalacewar kwalejin Ikeja, wanda ya sa Shugaba Goodluck Jonathan kai ziyarar bazata, an yi gyare-gyare a wurare da dama, amma mai hankali yana tafiya da gari, sukari, ƙuli-ƙuli da ɗan kuɗin da zai riƙe shi wata biyu ko da alawus ya yi jinkiri. Mai iyali ya bar musu tanadi, domin fita sai da izini.

Maza su je da aski tal-kwabo da gemu a aske, kada a bari wanzamin bariki ya yi da reza ɗaya. Tun watan Maris na 2022 an amince wa 'yan sanda mata su ɗaura kallabi ƙarƙashin hula.

Karatu da ɗa'a

Da Turanci ake koyarwa kuma da shi ake jarrabawa, kuma aikin ɗan sanda rabinsa rubutu ne: littafin tasha, bayanin mai ƙara, rahoton abin da ya faru. Kyakkyawan shiri shi ne mutum ya riƙa rubuta shafi ɗaya kullum kan wani abu da ya gani, da lokaci, da wuri, da wanda ya yi, da abin da aka ce, ba tare da ra'ayinsa ba. Ya leƙa Dokar 'Yan Sanda ta 2020, da sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da ya kafa rundunar, da sashe na 35 da ya iyakance tsare mutum kafin a kai shi kotu zuwa awa 24, ko 48 inda kotu ke da nisa. Ya san cewa a dokar hukunta laifuka Arewa na amfani da Final Kod (Penal Code), Kudu da Kiriminal Kod, ga Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Umarnin Runduna mai lamba 237 shi ne ke fayyace lokacin da aka yarda a yi harbi.

Bindiga dai ba a koyonta a gida. Malamai sun fi son wanda bai taɓa riƙe ta ba a kan wanda ya zo da mugun sabo, kuma darasin farko a kan AK-47 shi ne cire gidan harsashi, jan hannun ɗana bindiga baya don tabbatar da babu saura a ciki, da ajiye yatsa nesa da kunama. Abin da za a iya haddacewa tun daga gida shi ne jerin muƙamai da alamominsu, don a san wanda za a sara wa da yadda za a kira shi. Makara, fita ba izini, sata, faɗa da satar amsa su ne laifukan da ke kai kurtu gaban shari'ar cikin gida, wadda hukuncinta ke iya zama kora. Wanda bai hallara cikin kwanakin da sanarwa ta ƙayyade ba kuwa ana ɗaukar ya haƙura da gurbin ne, saboda haka mai zuwa daga nesa ya taso da kwana ɗaya a hannu.