«Sa min linki, in sa maka» ba ya ɗaga shafi a Google

Masu shafukan kasuwanci a Katsina sun daɗe da ɗauka cewa musayar linki ita ce tsanin hawa saman bincike. Mai sayar da atamfa a Ƙofar Ƙaura ya liƙa linkin mai gyaran waya, shi ma ya rama masa, kowa na jiran kwastoma.

Akwai tushen gaskiya a ciki. Tun 1998 Google ke lissafa linki kamar ƙuri'a. Amma ƙuri'ar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba ta da nauyi, kuma dokokin kamfanin sun sa yawan musayar linki cikin maguɗi. Tun zuwan Penguin, tsarin Google na gano linkin maguɗi, a 2012, shafi mai tarin linki marasa alaƙa da sana'arsa ko dai a yi watsi da su, ko ya faɗi ƙasa.

Linkin da aka biya kuɗi a kansa, a cikin rubutun HTML na shafin a sa masa alamar rel="sponsored". Wanda ba ka lamunce masa ba, rel="nofollow".

Inda ramuwa ta zama dole shi ne hreflang, alamar da ke sanar da Google cewa shafi yana da takwaransa a wani harshe. Shafin Hausa kan rijiyar Kusugu ya nuna na Turanci, na Turanci ya dawo ya nuna shi, kowanne kuma ya ambaci kansa. In ɗaya ya manta, Google na iya watsar da alamar. Ita ma ba ta ƙara matsayi, harshe kawai take zaɓar wa mai bincike.