Waiwaye: Yadda Bashi Ya Sake Ɗaure Kasafin Kuɗin Ƙasashe Masu Tasowa

Masu muhawara a kan yadda biyan bashi ke lashe kuɗin da ya kamata ya tafi asibitoci da makarantu sukan fara lissafinsu ne daga annobar korona ta 2020, alhali kuwa matsalar ta girme ta nesa ba kusa ba.

An san farkon labarin. A shekarun 1970 bankunan Turai da Amurka sun cika da kuɗin man fetur, suka yi ta ba ƙasashe masu tasowa rance. Da kuɗin ruwa ya tashi, Meziko ta sanar a 1982 cewa ba za ta iya biya ba, tsuke bakin aljihu ya biyo baya, ciki har da SAP, shirin gyaran tsarin tattalin arziki da Najeriya ta fara a 1986. Daga baya aka shiga yafe basussuka, har Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18 a 2005.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne shekarar 2007, lokacin da Ghana ta ci bashin dala miliyan 750 daga masu zuba jari ta hanyar sayar musu da takardun lamuni a kasuwar duniya, a kan ruwan kashi 8.5 cikin ɗari, za a biya cikin shekara goma. A wancan lokaci an ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa Afirka ta samu amincewar masu zuba jari, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wannan rance ya sha bamban da na rangwame da aka saba karɓa, mai ƙaramin ruwa da wa'adin shekara talatin ko fiye. A nan ana biyan ruwa mai tsada kowace shekara, sannan a biya uwar kuɗin, galibi a dunƙule, idan wa'adi ya cika, kuma duk da dala, alhali harajin da ake tarawa da kuɗin gida ne, wato sidi ko naira ko kwaca. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, kuɗin ruwa ya faɗi a ƙasashe masu arziki, masu kuɗi suka bazama neman riba a wasu wurare. Najeriya ta shiga kasuwar a 2011, Zambiya ta biyo a 2012.

A ganina, a nan ne ramin ya samo asali, domin hanya ko madatsar ruwa ba ta mayar da kuɗinta cikin shekara goma, don haka sai a ci sabon bashi a biya tsoho, muddin kasuwa na buɗe.

Farashin mai ya karye a 2014, korona ta zo, sannan ruwa ya sake hawa a 2022, ƙofar kasuwa ta rufe. Zambiya ta gaza biya a Nuwamban 2020, Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disamban 2022, Habasha ta bi sahu a ƙarshen 2023. A Accra, tsofaffin ma'aikata masu fansho, waɗanda suka zuba ajiyarsu a takardun lamunin cikin gida, sun fito zanga-zanga a farkon 2023 suna neman a tsame su daga shirin gwamnatin Ghana na sauya sharuɗɗan biyan bashin.