Waiwaye: Yadda aka faro horar da ma'aikatan lafiya na karkara

A yawancin ƙauyukan arewacin Najeriya, wanda jama'a ke kira "likita" bai taɓa shiga makarantar likitanci ba. Ma'aikacin lafiyar al'umma ne, wanda ake ce wa CHEW. Shi ke duba mara lafiya, ya yi allura, ya rubuta magani, in kuma mace ce har haihuwa take karɓa.

Tun zamanin En'e akwai malamin asibiti a ɗakin shan magani, akwai kuma duba-gari mai zagaya gidaje yana leƙa randa da kwata. Sai dai aikin malamin asibiti na zaman jira ne, wanda ya iya kawo kansa shi ake dubawa. Tunanin a fita a tarar da mutane ya ƙarfafa ne a shekarun 1970. A Garkida, cikin Adamawa ta yanzu, wani shiri na 'yan mishan ya riƙa barin ƙauye ya zaɓi nasa, a horar da shi na 'yan watanni, ya koma yana koyar da tsafta da rigakafi ta hanyar ba da labari. Gwamnatin tarayya kuwa ta sa tsarin kiwon lafiya na tushe cikin shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980, jihohi suka buɗe makarantun koyon aikin lafiya. Amma hankali ya fi karkata ga gine-gine.

Taron lafiya na ƙasashen duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya ɗora wa duniya burin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Wanda ya ɗauki abin da gaske a Najeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara gwaji a ƙananan hukumomi 52, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kafa hukumar lafiya a matakin farko a 1992. Tsarin ya tanadi cewa ƙaramin ma'aikaci mai karatun shekara biyu ya ƙarar da mafi yawan lokacinsa cikin unguwanni, babban mai shekara uku kuma ya raba ƙafa tsakanin gari da asibiti.

A nan ne, a ganina, abin ya karkace. An danƙa asibitocin sha-ka-tafi ga ƙananan hukumomin da ba su da ƙarfin aljihu. Likita da nas suka ƙi zaman ƙauye, sai ma'aikacin da aka horar don yawon gida-gida ya maƙale a bayan tebur, yana aikin da ya fi ƙarfin karatunsa. Magani ya yanke, mai zuwa duba aikinsa babu. Jama'a suka koma kemis, mata suka ci gaba da haihuwa a hannun ungozoma.

Daga baya an yi ta ƙoƙarin gyara. A 2009 aka fara tura ungozomomin zamani karkara. A 2014 gwamnati ta amince a hukumance a ƙara wa ma'aikatan al'umma horo, su riƙa yin wasu ayyukan nas, kamar karɓar haihuwa da sa robar tazarar haihuwa. A 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa, inda ake ɗaukar mata daga mazaɓarsu su riƙa shiga gidaje.

Abin da ya fi koya mana darasi shi ne yaƙi da shan inna. Bayan ƙauracewar rigakafi ta 2003 a Kano, matan unguwa ne suka taimaka wajen dawo da yarda, domin suna shiga inda namiji ba ya shiga, sun kuma san gidan da ake suna da wanda ake goyo. Shirin Mata Don Lafiya, da ya gudana a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da Zamfara daga 2012, ya bi wannan sawu: ya ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, ya ba su shekarar share fage don su cancanci shiga makarantun lafiya, bisa alkawarin za su koma gida aiki.

Maƙwabciyarmu Nijar ta nuna abin da ke yiwuwa. A zamanin Tandja Mamadou an gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, aka zuba ma'aikata masu gajeren horo, sannan a 2006 aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009.

Yanzu ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sa gaba wajen sake horar da ma'aikata 120,000. Bita abu ne mai kyau, amma ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Makarantu na yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu na aikin sa-kai a asibitocin ƙauye ba albashi, suna jiran ranar da jiha za ta ɗauke su.